Babanmu an yi masa aikin kansar dubura, ya zamu kula da shi a gida kar wata matsala ta biyo baya?

Ɗan_Taura ya rubuta:

Slm jama'a barkanmu da warhaka. Dan Allah ina neman shawarar ma'aikatan lafiya na wannan zauren da duk wanda ya taɓa jinyar irin wannan larurar. Mahaifinmu ne, manomi ne shekarunsa sun haura sittin, muna wani ƙauye a ƙasar Taura ta Jigawa. Ya jima yana ganin jini a bahaya kowa yana cewa basir ne anata jiƙe-jiƙe, sai da ya fara ramewa bahayan ma baya fita sai da ƙyar sannan aka kai shi Kano aka zura na'ura aka ɗebo tsoka aka auna, akace kansar dubura ce. Sun fara yi masa gashi (ƙona ciwon da hasken na'ura) da kemo (maganin kashe ƙwayoyin cutar kansa) sannan sukayi aikin, likita yace sun yanke wurin da ciwon yake sun haɗa hanjin sun ɗinke, amma sun fito masa da ƙaramin hanji ta gefen ciki na dama ana manna wata leda bahaya yana zuba a ciki, wai na ɗan lokaci ne har ɗinkin ciki ya warke sannan a mayar.

Alhamdulillah aiki yayi kyau har ya fara shan kunu, yanzu maganar sallama akeyi. Ni kuma wlh sallamar ce take bani tsoro, dan a asibiti ko tari yayi ga nas a kusa, amma a garinmu kyamis ɗaya ne sai asibitin sha-ka-tafi, kafin ka fito titi sai ka hau mashin ga kuma zafin nan da ake zubawa. Me ya kamata mu dinga lura da shi? Wane abinci zai ci wane zai bari? Sannan gwaggonmu tun yanzu ta fara cewa da ya dawo za'a dafa bagaruwa ya dinga zama a ciki wurin ya haɗe da wuri, shin ya halatta? Shi kuma Baba abin da yafi damunsa ma maganar sallah ce da wannan ledar a jikinsa. Allah ya saka da alheri.

Sista_Ringim ta amsa:

Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya bawa Baba lafiya yasa kaffara ne. Ni ma'aikaciyar jinya ce na daɗe a ɗakin masu tiyata, kuma tsoron da kakeji yana kan hanya, dan makonnin farko bayan sallama sune ake samun yawancin matsalar.

Babban abin da muke gudu a irin wannan aikin shine ɗinkin da aka haɗa hanji da shi ya saki, ƙazanta ta tsiyaya cikin ƙugu. Dubura can ƙasa take a wuri matsattse, kuma naman da aka yiwa gashi baya saurin haɗewa, dalilin da yasa suka fito masa da hanji ta gefe kenan dan bahaya ya daina bi ta kan ɗinkin. Amma ledar tana rage haɗarin ne kawai bata kawar da shi gaba ɗaya ba. Yawanci sakin yakan bayyana wajen kwana 5 zuwa 7 bayan aiki, wani kuma sai an koma gida. Dan haka kafin ku baro Kano ka sayi ma'aunin zafin jiki, ba tsada, ka dinga auna shi safe da yamma kana rubutawa. In kaga zafi ya kai 38, ko bugun zuciya ya wuce 100 a minti yana kwance baiyi komai ba, ko ciki ya kumbura yana ciwo yana ƙaruwa, ko ciwo a can ƙasan mara da gindin baya, ko mugunya mai wari tana fita ta dubura, ko kuma kaga tsoho ya rikice yana surutai ya ƙi abinci, to ba maganar a jira gari ya waye, ku tafi asibitin da akayi aikin ko da tsakar dare ne. Abin da yake kashe mutanenmu a nan shine da an ji jiki da zafi sai ace maleriya ce a kira mai kyamis yayi allura kwana uku, kafin a farga ƙwayar cuta ta shiga jini. Duk zazzaɓin da ya zo a watan farko bayan wannan aikin a ɗauke shi na aikin ne har sai likita ya duba yace ba shi bane. Ɗan majina-majina da zai dinga fita ta dubura jefi-jefi wannan ba komai, hanjin da ya rage a ƙasa ne yake fitar da ita.

Na biyu kuma shine wanda yafi dawo mana da masu irin ledarsa asibiti, ƙarewar ruwan jiki. Babban hanji shine yake tsotse ruwa da gishiri daga bahaya, shi kuma Baba yanzu bahayansa baya kaiwa can, yana fita ne tun daga ƙaramin hanji da ruwansa da gishirinsa, ka haɗa da zafin Jigawa da gumi, cikin kwana biyu ƙoda zata iya taɓuwa. Ku samu wani kofi mai awo ku ware shi, duk sanda aka juye ledar a auna a rubuta. In abin da ya fita a yini da kwana ya kai lita ɗaya da rabi, wato cikin ledar ruwan fiya-wata guda uku, kuma tsululu ne, ko fitsarinsa ya ragu yayi ja, ko yana jin jiri in ya miƙe, baki ya bushe jijiyoyin ƙafa suna ɗaurewa, ku kira asibiti. Kuma a nan mutane suke kuskure, sai a dinga ɗura masa ruwa zalla da lemon kwalba da shayi mai sukari, alhali waɗannan ƙara wanke gishirin suke. ORS, wato haɗin gishiri da sukari na masu gudawa, za'a dinga haɗa masa yana kurɓa kaɗan-kaɗan duk yini, a ƙara ɗan gishiri a miyarsa in likita bai hana ba. Akwai ƙwayar da ake bayarwa mai rage gudun hanji amma likitansa ne zai faɗi adadin kar ku saya da kanku. In yana shan maganin hawan jini musamman mai sa fitsari ko na suga, ku tambaya kafin sallama ya za'ayi da su ranar da ruwa ya zuba da yawa.

Maganin ciwo kuma dan girman Allah banda diclofenac da ibuprofen da ire-irensu da ake haɗawa a kyamis a ƙulle a leda, suna cutar da ƙoda kuma likitocin tiyata da yawa suna gudunsu saboda ɗinkin hanji. Abin da aka rubuta masa kawai.

Sai maganar kwanciya. Na san al'adarmu, mara lafiya a shimfiɗa masa katifa a ɗaki ace kar ya motsa, to wannan ba gata bane a wurin wanda aka yiwa aikin kansar dubura. Kansa da tiyatar ƙugu da kwanciya duk suna sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu, mutum yana zaune lafiya sai numfashi ya sarƙe. Ya dinga tashi yana zaga tsakar gida sau da yawa a rana, da sassafe da bayan la'asar ya taka zuwa ƙofar gida, in yana kwance ya dinga motsa tafin ƙafa sama da ƙasa. Ya dinga jan dogon numfashi yana tari, ya dafe ɗinkin da filo, dan majina kar ta taru a ƙirji ta zama nimoniya. In sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi kar a matsa kar ayi tausa, asibiti. In yana shan taba ko yana zaune cikin masu sha, lokacin rabuwa da ita yayi, tana hana ciwo warkewa.

Bagaruwa kuma a'a. Babu abin da zai shiga ko ya taɓa duburarsa, ba matsi ba hayaƙi ba tsuguno a ruwan magani ba 'yar ƙwayar da ake cusawa, har sai likitan da ya ɗinka yace.

Maman_Sadiq ta amsa:

Allah sarki, Allah ya tashi kafaɗunsa. Ni daga wajen Gaya nake, maigidana shima an yi masa amma nashi ciwon yayi ƙasa sosai sai da aka cire duburar gaba ɗaya aka rufe, ledarsa ta dindindin ce a gefen hagu, kuma gashi nan yana zuwa kasuwa yana harkokinsa, dan haka ka kwantar da hankalin Baba.

Abin da zan ce maka ɗana, kar ku yarda ku fito daga asibiti sai mutum biyu a gidanku sun iya canza ledar nan da hannunsu a gaban nas, kallo daban yi daban. Kuma ku taho da ledoji da yawa dan a ƙauye ba samu zakuyi ba, ko a Kano ma ba kowane shagon magani yake da ita ba, in ta rage saura kaɗan ku aika tun kafin ta ƙare. Wasu in ta ƙare sai su ɗaura ledar burodi da filasta, wlh fatar wurin saɓulewa take, musamman irin ta Babanku da ruwan yake da kaifi yana cin fata. Ramin da za'a yanka a jikin abin mannawar ya zama daidai bakin hanjin, in yayi faɗi ruwan zai kwanta akan fata, kuma hanjin yana raguwa a makonnin farko dan haka sai ana sake aunawa. A wanke gefen da ruwan ɗumi kawai a bari ya bushe sosai, banda man shafawa banda dettol banda spirit, in akwai maiƙo ko gumi bazata kama ba. Mu da sassafe muke canzawa kafin ya karya, lokacin hanjin yayi shiru. Kar a bari ta cika, da ta kai kashi ɗaya cikin uku a juye dan nauyi yana ɓamɓaro ta. Shi kansa naman hanjin ja ne jawur da danshi kamar cikin baki, in an goga yakan ɗan yi jini kaɗan ba komai, amma in kaga ya koma baƙi-baƙi ko ya dusashe a tafi asibiti.

Abinci kuwa kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, ya tauna sosai, in haƙoransa sun yi rauni a dama masa ko a murƙushe. Tuwon shinkafa da miyar kuka ko kuɓewa mai laushi, dankali, ayaba, farar shinkafa, kunun gyaɗa da aka tace, ƙwai, kifi, naman kaza da ya dahu luguf, kindirmo mai tsafta. Yana buƙatar abin gina jiki sosai dan da shi ciwo yake haɗewa, kar a barshi da koko zalla. Abin da zai ɗan dakata da shi yanzu su gasasshiyar masara, gyaɗa da aya na tauna, kwakwa, rake, mangwaro mai zare, kwaɗon zogale da rama, ganda da kilishi, waɗannan suna iya toshe bakin hanjin. In kaga leda ta daina kawo komai awanni da yawa ga murɗar ciki ga amai, toshewa ce kar a bashi maganin wankin ciki a tafi da shi.

Sannan ku hana shi ɗaukar nauyi, na san manoma basa jin magana in damina ta kawo kai. Mu sati shida zuwa takwas akace ko bokitin ruwa kar ya ɗaga, noma da ɗaukar buhu da jan guga kuwa sai bayan wata uku, in ba haka ba hanji yakan turo ta gefen ledar yayi ƙullutu. Ranar komawa gida ku nemi mota har ƙofar gida kar a ɗora shi a mashin a wannan gargadar.

Wani abu da ba'a faɗa, kunya. Nawa sai da ya daina fita majalisa ya daina cin abinci da mutane yana ganin kowa yana jin wari, alhali in ledar ta kama da kyau ba mai ji, ƙarƙashin babbar riga ba mai gani. Ku rage masu shigowa dubiya suna tsayawa akansa suna salati suna tambayar a buɗe musu su gani. Wanda baya cin abinci saboda damuwa shima baya warkewa.

Baffa_Gumel ya amsa:

Allah ya ƙara sauƙi. Amma Sista ni inaga kin tsananta akan bagaruwa, iyayenmu da ita suka saba ko mai jego ita ake dafawa kuma ana ganin amfaninta, zuma ma ai waraka ce. Ba sai a haɗa da na asibitin ba?

Sista_Ringim ta amsa:

Baffa ina girmama maganarka, amma ciwon mai jego a waje yake ana ganinsa, na wannan bawan Allah ɗinki ne a cikin hanji ɗan nesa kaɗan da bakin dubura, a naman da aka gasa da na'ura. Tsugunon kansa da yunƙuri yana takura wurin, ruwan zafi yana ƙona fatar da gashi ya riga ya raunana, in kuma aka kai ga matsi ko cusa wani abu ana iya farke ɗinkin da hannu. Jiƙe-jiƙen basir na sha kuma yawancinsu gudawa suke sakawa, mai wannan ledar kuwa gudawa ita ce hanyar ciwon ƙoda. Zuma ya sha cokali a kunu in bashi da suga ba laifi, addu'a da tofi kuma a yawaita. Amma kar a shafa komai akan ɗinkin ciki, a barshi a bushe da tsafta, wanda zai taɓa ya wanke hannu da sabulu, in gefen yayi ja ya kumbura ko yana fitar da ruwa a nunawa ma'aikacin lafiya.

Malam_Na_Tsangaya ya amsa:

Allah ya bashi lafiya da ladan haƙuri. Ka gayawa mahaifinka addini bai ƙuntata masa ba. Abin da yake fita ba da ikon mutum ba kuma ya lazimce shi yawancin lokaci, malamanmu na Malikiyya sun sanya shi a babin salas, baya warware alwala, mai shi ma'abocin uzuri ne. Ya juye ledar ya tsaftace in lokacin sallah ya shiga yayi alwala yayi sallarsa, abin da ya zubo yana cikin sallah ba komai. In ruku'u da sujada suna takura ɗinkin ya zauna yayi nuni. Sahabi Imrana ɗan Husaini basir ne ya dame shi ya tambayi Manzon Allah SAW, yace masa kayi sallah a tsaye, in baka iya ba a zaune, in baka iya ba a kan gefenka, hadisin yana cikin Bukhari. Azumi kuma Alƙur'ani ya yiwa mara lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki, kuma yadda Sista ta bayyana maganar ruwan jiki, kar ya ɗauki ko na nafila sai likita ya yarda.

Ɗan_Taura ya rubuta:

Nagode ƙwarai Allah ya biya ku, na karantawa Baba amsar Malam har ya ɗan saki fuska. Sista akwai wata allura da suke masa a fatar ciki kullum sunce zai cigaba da ita a gida, to gaskiya kuɗi sun ƙare mun sayar da dabbobi, shine yayana yace ko a barta tunda yana takawa. Kuma sunce bayan ya warware akwai sauran kemo, shi kuma yace tunda an cire ciwon meye na ƙarin wahala.

Sista_Ringim ta amsa:

Wannan allurar ita ce ta hana daskarewar jini da na faɗa maka, bayan aikin kansa a ciki ko ƙugu akan cigaba da ita har kwana 28 daga ranar aiki dan haɗarin baya ƙarewa da sallama, takawa tana taimakawa amma bata maye gurbinta. Kar ku yanke ta a tsakaninku, ka samu likitan ka gaya masa gaskiyar halin aljihunku ba kunya, su suka san ko akwai mai sauƙin kuɗi, kuma ka tambayi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin. Ku koyi yinta da kanku ba wuya, in kuma kaga jini yana zuba ta hanci ko dasashi ko cikin leda da yawa ka sanar.

Kemo kuma ana duba sakamakon naman da aka cire ne a yanke shawara, in sunce yana buƙata to saboda ƙananan ƙwayoyin da ido da hoto basa gani ne, kuma anfi so a fara cikin sati shida zuwa takwas bayan aiki, jinkiri yana rage amfaninsa. Ko bayan an gama akwai gwajin jini da ake kira CEA duk bayan wata uku zuwa shida da hoton ciki da sake duba hanji da na'ura, shekara biyar ana bibiya, dan in ciwon zai dawo yafi dawowa a shekaru biyu zuwa uku na farko kuma in an kama shi da wuri ana iya sake yin wani abu. Kafin su mayar da hanjin zasu yi hoto su tabbatar ɗinkin ya haɗe, kar ku matsa musu akan lokaci. Bayan an mayar kuma zai iya yin watanni yana yawan zagawa ko bahaya ya matso shi ba shiri, yana raguwa a hankali. In fitsari yana masa wuya ko ya lura da rauni ta wajen iyali ya faɗawa likita, jijiyoyin wurin kusa suke da inda akayi aikin kuma akwai taimakon da ake bayarwa.

Ku kuma 'ya'yansa da ƙannensa, wanda mahaifinsa ko ɗan uwansa na jini ya samu wannan ciwon haɗarinsa yafi na sauran mutane, ana so ya fara gwajin hanji daga shekara 40 ko ma kafin nan in ciwon ya kama ɗan uwan da ƙuruciya. Duk wanda yake ganin jini a bahaya a cikinku ko bahayansa ya canza makonni yaje a duba shi kafin a kira shi basir.

Kafin ku fito ka karɓi takardar sallama mai bayanin irin aikin da akayi ka ɗauki hotonta a waya, ka karɓi lambar da za'a kira a ɗakin, ka rubuta ranar dawowa asibiti da ranar cire zare, sannan ka shirya da mai mota ɗaya a garinku wanda zai ɗaga waya da dare, a ware kuɗin mai a ajiye kar a taɓa.

Ɗan_Taura ya rubuta:

To Alhamdulillah, yau da safe na samu likitan munyi maganar allurar yace zai duba mana, nas ɗin ma tace gobe ni da ƙanwata zamu canza ledar a gabanta. Mun yanke shawarar bazamu wuce ƙauye kai tsaye ba, zai fara zama gidan kawunmu a cikin Kano har a cire zare aga yadda ruwan ledar ya daidaita. Maman Sadiq dan Allah in ba damuwa kamar guda nawa kuke amfani da ita a wata, dan mu san lissafin da zamuyi kafin mu tafi?